Ziyara Na Je Maroko, Kiɗa Ya Ja Ni

Ba kallon rawa ya kai ni Maroko ba. Kawu na raka, ƙanin mahaifiyata, wanda ya daɗe yana tara kuɗi don ya ziyarci Shehu Ahmadu Tijjani a birnin Fas tun ƙafa ba ta gaza ba. 'Ya'yansa kowa ya ce aiki ya riƙe shi, sai aka waiwayo kaina, wai ni ɗan kasuwa ne, akwai yara a shago, kuma ina taɓa Larabci. Larabcin nan kuwa tun a filin jirgin Kasablanka asirinsa ya tonu. Mutanen ƙasar haɗiye wasula suke yi kamar masu jin yunwa. In na yi musu na littafi sai su yi murmushi su amsa mini da Faransanci, wanda ko “sannu” ban sani ba a cikinsa.

Mun sauka a tsohon birnin Fas, taku kaɗan daga zawiyar Shehu, inda aka binne shi a 1815. Kawu ya samu abin da ya zo nema. Daga asuba zuwa isha yana can cikin 'yan'uwa na Senigal da Mali da Muritaniya, in ka ga ya fito to alwala ce ko abinci. Ni kuwa bayan kwana biyu zama ya ishe ni. Na shiga lunguna, waɗanda suka fi na cikin birnin Kano matsi, ba mota ba keke, sai alfadarai da masu korarsu suna ta “balak! balak!”, wato kauce. Na ga tsofaffin masaukan fatake da suke kira funduƙ, na tuna da unguwar Alfindiki ta garinmu, wadda daga wannan kalma ta samo sunanta.

A dare na uku ina kan soron masauki ina shan shayin na'ana'a sai na ji algaita. Ba abin da ya yi kama da algaita ba, ita ce da kanta, da wannan muryar tata mai shiga hanci. Na sauko da gudu na tarar da ayari ya cika lungu: tutoci a gaba, maza cikin riguna na ulu masu zanen ja da fari, wasu na busa dogayen ƙahonin ƙarfe sak kakaki, wasu na dukan bandiri da manyan ganguna. Gidan da aka yi wa yaro kaciya suka nufa. Mai masaukinmu ya ce Aisawa ne, mabiya Shehu Muhammadu bin Isa na Miknas, wanda suke kira Shaihul Kamil, mutumin ƙarni na 16. Duk Maulidi a kabarinsa suke haɗuwa, sauran shekara kuma ana gayyatarsu biki da suna don neman albarka.

Da suka shiga tsakar gida sai suka ja sahu, kafaɗa na gugar kafaɗa, suna ɗan durƙusawa suna miƙewa, kai na zuwa gaba yana dawowa, sunan Allah na fita tare da numfashi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a maukibin Ƙadiriyya a Kano ba zai ga baƙon abu ba. Rawa ce da zikiri ya haifa, shi ya sa ƙugu ba shi da aiki a cikinta, ƙirji da gwiwa ne ke wahala, kuma kiɗan na ƙara sauri har sai an kai wurin da mutum ba ya iya tsayar da kansa. Na tambayi sunan abin busar, aka ce “gaita”. Gangar tafin hannun kuma “bandir”. Na yi shiru. Ashe kayan da nake ɗauka namu ne tun fil azal, raƙuma ne suka tsallako da su, ko aƙalla da sunayensu.

Da safe na ba Kawu labari, na kuma lallaɓa na ce ina so in ɗan zaga kudu na mako guda. Ya dube ni ta saman tabarau.

“Kallon rawa za ka, kana da iyali?”

“Kawu, buɗe ido ne.”

“To. Wani ya yi rawa a ba shi kuɗi, wani ya yi ya sha duka. Ka san wanda kake. Ni dai nan na zo, nan za ka same ni.”

Jirgin ƙasa daga Fas zuwa Marrakesh na cin kusan awa 7, ya bi ta Miknas da Rabat da Kasablanka. Miknas ce hedikwatar Sarki Maulaye Isma'il, wanda ya yi mulki daga 1672 zuwa 1727, ya tara runduna ta baƙaƙen bayi zalla, ya sa suka yi masa rantsuwa a kan Sahihul Buhari, shi ya sa ake ce musu Abidul Buhari. A lokacin labarin tarihi kawai na ɗauke shi, ban san zan tarar da jikokin irin waɗannan mutane a gaba ba. Wani saurayi daga yankin Wujda, kusa da iyakar Aljeriya, da ya ga ina kallon abin da na ɗauka daren jiya, sai ya miƙo mini wayarsa, wai in ga rawa ta gaske. Reggada sunanta. Maza ne riƙe da sanduna ko bindigogi, suna dukan ƙasa da ƙafa, kafaɗu na karkarwa. Ya ce ta mayaƙan kakanninsu ce in sun dawo da nasara. Ko bai faɗa ba sandar ta faɗa.

A Marrakesh wani yaro ɗan Damagaram ya tarbe ni, ɗalibin jami'a, ƙanin wani da ke sarin atamfa a wurina. Shi ya zama bakina da kunnena. Da yamma ya kai ni Jami'ul Fana, dandalin nan da duk baƙo sai ya taka: masu wasa da macizai, masu birai, masu tatsuniya da jama'a ta kewaye su, hayaƙin gasasshen nama ya turnuƙe, hasumiyar masallacin Kutubiyya na tsaye can gefe. A nan na fara ganin Gnawa, makaɗan da suka gaji kiɗansu daga baƙaƙen bayin da aka kawo ƙasar. Su uku ne cikin riguna masu ƙyalli, da huluna da aka yi wa ado da wuri, kowace hula da dogon tuntu. Suna kaɗa wasu ƙarafa a hannu, suna juya kai tuntun na zagayawa kamar farfela. Ina ɗaga waya ɗayansu ya tsaya cak ya miƙo mini hula. Na saka dirhami 20, ya duba ya ce, “Afrika! Ɗan'uwa!”, ma'ana ɗan'uwa bai kamata ya ba da wannan ba. Na ƙara 10 don a rabu lafiya.

Raina ya ɓaci. Na ce wa ɗan Damagaram wannan ai bara ce da ƙarfe. Ya yi dariya ya ce, “Alhaji, wannan na masu kyamara ne. Ka bari sai mun je bakin teku.”

Kashegari muka shiga kangon fadar Badi, wadda Sarki Ahmadul Mansur ya gina. Shi ne ya tura rundunar da ta ƙetare Sahara ta karya daular Songhai a Tondibi a 1591, aka kwaso zinariya da bayi da malamai, har da Shehu Ahmad Baba na Tambutu, aka kawo wannan gari. Yanzu shamuwa ce ke sheƙa a kan katangun. Da dare kuma a wani gidan abinci na 'yan yawon buɗe ido aka nuna mana gedra, rawar mutanen Gulmim da ke bakin hamada. Sunan na tukunyar girki ne, don ita ake ɗaure wa fata a baki ta zama ganga, kamar yadda Buzayen Agadas ke mai da turmi tinde. Mace ce ke yin ta a durƙushe, lulluɓe da baƙin mayafi mai shuni, yatsunta da suka sha lalle ne ke rawar, sai kitsonta in kiɗa ya yi zafi. Wanda ya rayu a ƙarƙashin tanti ba ya buƙatar tsalle. Sai dai minti 10 aka ba ta tsakanin miya da nama, masu cokula ba su ko ɗaga kai sosai ba.

Abin da ya wanke mini rai shi ne bikin da wani abokin karatun ɗan Damagaram ya gayyace mu, a ƙauyensu da ke cikin duwatsun Atlas, sama da garin Amizmiz. Mutanen Amazik ne, 'yan asalin ƙasar tun kafin zuwan Larabawa, masu yaren Tashilhit, Larabci ma koyonsa suke yi. Hanyar duk tabon girgizar ƙasar 8 ga Satumban 2023 ne, wadda ta ci rayuka kusan 3,000: gidajen ƙasa a zube, sababbi na bulo suna tashi a gefensu. An gama girbin sha'ir, lokacin aure ke nan. Gonakinsu ƙanana ne, hawa-hawa a jikin dutse, ruwa na zuwa ta 'yar magudana ɗaya da ake rabawa bi da bi. Mutum ɗaya ba zai iya gyara ta ba, ba zai iya girbi shi kaɗai ba, don haka suna da aikin taro da suke kira tiwizi. Da aka yi mini bayani na ce ai gayya ce.

Bayan isha aka hura wuta a tsakiyar dandalin ƙauyen, wanda suke kira asayis. Samari suka kewaye ta, kowa na kara gangar tafinsa kusa da harshen wuta, ya ɗan buga da yatsa ya saurara, ya sake karawa, har fatar ta ɗame. Maza wajen 30 suka ja sahu cikin fararen jallabiyoyi da rawuna, kowa da wuƙarsa mai lanƙwasa rataye a gefe. Mata suka ja nasu sahun suna fuskantarsu, goshi cike da sulallan azurfa. Wannan ita ce ahwash.

Ba da kiɗa aka fara ba. Wuri ya yi tsit, sai wani dattijo ya ɗaga murya siririya can sama, shi kaɗai, ya jefa baiti. Wani daga ƙarshen sahu ya mayar masa da nasa. Nan take suke ƙirƙira. Sai an fassara wa ɗan Damagaram kafin ya fassara mini, kafin maganar ta iso gare ni duk gishirin ya zube, amma na fahimci an yabi gidajen biyu, an zolayi ango, an kuma ambaci waɗanda ƙasa ta rufe. Da aka zo nan na ji mata sun ja numfashi. Daga nan sahun maza ya karɓi amshi, na mata ya mayar, ganga ɗaya ta shigo a hankali kamar mai sallama, sauran suka biyo. Da farko motsin bai wuce ɗan lanƙwasa gwiwa ba. Sai tafi. Sai dukan ƙasa da ƙafa. Wani na bugun wani faifan ƙarfe da 'yan sanduna, ƙararsa na ratsa komai. Ba zan iya nuna lokacin da aka ƙara sauri ba, na dai farga ƙasa na amsawa a ƙarƙashina, guɗa na tashi, mutum 30 sun koma kamar jiki ɗaya.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne babu gwani. Ba wanda ya fito tsakiya ya nuna bajinta, ba wanda aka yi wa liƙi, ba maroƙi, ba ɗan ma'abba. Masu kiɗan manoman ƙauyen ne, wanda ya ja baitin farko dattijo ne da ake jin maganarsa a rabon ruwa. Suna da mawaƙan sana'a, rwayis, masu yawo gari-gari da gogensu mai tsirkiya ɗaya, amma su daban ne, ahwash ba a sayenta. A wurinmu kuwa kiɗa gadon wani gida ne, mai mutunci zama yake yi a kujera a wasa shi ya ba da kuɗi, in ya taka rawa a ce girma ya faɗi. Nan wanda ya ƙi shiga sahu shi ne abin tambaya.

Haka kuwa aka tambaye ni. Baban ango ya kamo hannuna ya cusa ni tsakanin mutum biyu. Na so in ce ni baƙo ne, amma da wane baki? Na fara kuskure tun takun farko, ina sauka lokacin da suke tashi. Ba wanda ya ce mini uffan. Kafaɗar na dama da ta na hagu suka matse ni, in sun sauka dole in sauka, in sun tashi su ɗaga ni. Cikin 'yan mintoci na daina ƙirga taku. Sai da aka tsaya na ji gwiwoyina na rawar kansu, na kuma gode Allah da Kawu yana Fas.

Da safe kakan abokin namu ya fito mana da wani ƙaho da aka yi wa ado da azurfa da jajayen tuntaye. Na zuba albarushi ne, na mahaifinsa. Sunansa tiskit, daga shi aka samo sunan rawar taskiwin. Ya rataya shi a kafaɗar hagu, ya miƙe, ya fara karkaɗa kafaɗun nan da sauri har tuntayen suka tashi tsaye, alhali ƙafafunsa na tafiya a natse kamar mai sanɗa. Rawar mayaƙa ce, ta maza zalla, kowane juyi na kwaikwayon wani abu na fagen fama: kwanton ɓauna, kai hari, ja da baya. Bai yi minti biyu ba tari ya kama shi. Ya ce a da ba a biki babu ita, yanzu samarin sun tafi Agadir da Kasablanka neman kuɗi. A 2017 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta saka taskiwin cikin al'adun da ke buƙatar ceton gaggawa. Jikansa, wanda ya kawo mu, ya amsa da bakinsa cewa bai iya ba.

Daga Marrakesh zuwa Essawira awa 3 ne a bas. Gari ne fari da shuɗi a bakin Tekun Atilantika, iska ba ta hutawa, ko'ina warin kifi. Sarki Sidi Muhammadu bin Abdullahi ne ya gina shi a shekarun 1760 don ya zama tashar jiragen ruwa, ayarin da ya taso daga Tambutu nan yake sauke gashin jimina da ƙaro da zinariya, har da mutane. Mun iso ana tsakiyar bikin Gnawa na shekara-shekara, wanda aka fara a 1998. An kafa dandamali a filin Maulaye Hasan, gwanayen Gnawa na kiɗa tare da Turawa da baƙaƙen Amurka masu jita da ƙahoni, dubban samari na tsalle. Garin Mahmud Giniya ne, gwanin da ya rasu a 2015, wanda har yanzu hotonsa ke manne a shaguna. Tun 2019 kiɗan ya shiga kundin UNESCO. Abin da a da ake ɓoyewa a bayan gari, ake ce masa na bayi, yau shi gwamnati ke tallar ƙasa da shi.

Sunan ma abin magana ne. Suna furta shi kamar “Ginawa”, kuma akwai masu cewa daga “Kanawa” aka samo shi. A matsayina na Bakano na so a ce haka ne. Amma masana da yawa sun fi karkata ga wata kalmar Amazik, agnaw, wato bebe, wanda ba a gane maganarsa, sunan da aka laƙaba wa baƙaƙen da aka kawo ba su jin yaren gari. Na tuna yadda mu ma muke kiran wanda bai iya Hausa ba bagware, na kama bakina.

Ɗan Damagaram ya cika alkawari. Ta hanyar wani mai sassaƙa kayan kiɗa aka ba mu izinin shiga lila, wato kwanan kiɗa, a gidan wata mata da ke yin ta duk shekara don ciwon da ta ce asibiti ya gaza. An yanka akuya tun da rana. Bayan isha aka zagayo lungu da manyan ganguna biyu, na tambayi sunansu aka ce “ganga”. Na sake tambaya don in tabbata ba zolayata ake ba. Aka raba dabino da madara, aka cire takalma, aka zauna.

Shugaban makaɗan shi ake kira ma'allam. Yana rungume da gimbri, babban molo mai tsirkiya uku na hanjin akuya, an rufe kwaryarsa da fatar raƙumi. Yana jan tsirkiya yana kuma dukan fatar da yatsu lokaci ɗaya, sautin a ciki ake jin sa, ba a kunne ba. Yaransa shida na riƙe da ƙaraƙab, ƙarafan nan da na gani a Marrakesh. Su da kansu suna cewa ƙarar sarƙar da aka ɗaure kakanninsu da ita ce. Ubangidansu kuma Sayyidina Bilal, har zawiya suke da ita da sunansa a cikin garin.

Kashin farko na daren na tuna asali ne, suna kiransa Awlad Bambara. Aka ajiye ƙarafa, sai tafi da gimbri. Yaran suka tashi a jere, suna matsowa gaban ma'allam suna ja da baya, duga-dugai a haɗe kamar na wanda aka sa wa mari. Sai ɗaya bayan ɗaya su fito: wannan ya tsuguna ya yi juyi a kan yatsun ƙafa, wancan ya daka tsalle gwiwoyi a naɗe ya sauka ba ƙara, wani ya kwaikwayi maharbi. A cikin waƙar ana kiran ƙabilun da aka ɗebo, na ji Bambara, na ji Fulani, sai na ji Hausa. Tsikar jikina ta tashi. Wannan rawa ta sha bamban da ahwash. Can ƙauye ne da ya san kansa yake tsayawa a sahu. Nan mutane ne da aka tsinto daga wurare daban-daban, kowa na fitowa ya nuna guntun abin da ya rage masa.

Wajen ƙarfe ɗaya na dare abin ya juya. Wata mata, muƙaddama, ta kawo kaskon turaren jawi da ƙunshin mayafai kala bakwai. Daga nan ba kallo ba ne, kiran mutanen ɓoye ne, waɗanda suke ce wa muluk, kowane da kalarsa da turarensa da kiɗansa. Aka fara da fari. Da aka zo shuɗi, na Sidi Musa mai teku, wani mutum ya tashi aka ɗora masa kwanon ruwa a ka, yana ta iyo da hannuwa a busasshiyar ƙasa, ko ɗigo bai zuba ba. Ja na Sidi Hammu ne, na mahauta, mai wuƙaƙe. Matar gidan sai da aka kai baƙi ta tashi. Aka lulluɓe ta, ta sunkuya gaban gimbri, kanta na zuwa gaba da baya, wata na riƙe da ɗamarar da aka ɗaura mata a ƙugu don kada ta faɗa kan makaɗa. Ma'allam bai ɗauke ido daga ƙafafunta ba, in ta ƙara ya ƙara, in ta lafa ya lafa. Ita ke jan kiɗan, ba kiɗan ke jan ta ba. Da ta zube aka yayyafa mata ruwan furen lemo, aka ja ta gefe.

Na san wannan. Ina ɗan shekara 9 na haura katangar wani gida a bayan unguwarmu na leƙa wasan bori, ana kiɗan garaya da caki. Na ga wata tsohuwa ta rikiɗe ta zama Malam Alhaji, ta duƙa tana tari tana jan carbi. Na ga wanda Ɗan Galadima ya hau yana ta rabon kayansa, na ga mai Sarkin Rafi ya yi sama ya faɗo da mazaunai. Ranar na sha dukan da har yau in na ji garaya bayana ke tunawa. Kowane iska da takensa da tufarsa, in an gama a yi atishawa a dawo hayyaci. Kama da wane dai ba ta wane. Lila cike take da salatin Annabi da sunayen waliyyan Maroko, an kuma haɗa ta daga gadon ƙabilu da yawa, ba na Hausawa kaɗai ba. A Tunis ne, cikin kiɗan da suke kira stambeli, aka fi samun sawun Hausa a fili. Amma ƙashin bayan abin ɗaya ne, ba mai gaya mini akasin haka. Ban ce na yarda da kiran iskoki ba, malaman Maroko ma suna suka kamar yadda namu ke yi, kuma na yi ta karanta Ayatul Kursiyyu a zuci. Sai dai ban tashi na fita ba.

Gab da asuba aka rufe da rawaya, kalar Lalla Mira mai son dariya da turare, gida ya kaure da fara'a kamar ba a nan aka yi ta faɗuwa ba. Aka kawo shayi da burodi. Ma'allam ya sa aka tambaye ni daga ina. Da ya ji Kano sai ya ajiye kofi ya ce, “Hausa?” Ya matso, ya rera mini wasu kalmomi a hankali, ba kiɗa, irin tsofaffin kalmomin da ba Larabci ba ne, ya ce in gaya masa ma'anarsu. Na sa ya maimaita har sau uku. Akwai wurin da kunnena ya so ya ji “baba”, to amma wane yare ne ba shi da baba? Na so in ƙirƙiro masa wani abu don ya ji daɗi, na fasa. Na ce ban gane ba. Bai damu ba. Ya ce mahaifinsa ma bai sani ba, haka ya karɓa haka yake miƙawa.

Sai ya ce to in tashi in nuna musu yadda ake rawa a can gida.

Yaran suka gyara zama, ɗaya har ya fara tafi. Na laluba kaina. Na san koroso da kacau-kacau a ƙafa, na san takai da sanduna, na san 'yan hoto masu cilla galma sama su cafe, na san rawar 'yan tauri da ta mahauta in kalangu ya yi kira. Duk a ido na san su. Ko taku ɗaya babu a ƙafata. Na ce gwiwa ce ke damuna tun daga dutse, ɗan Damagaram ya fassara yana kallon ƙasa.

Na koma Fas ranar Juma'a, na samu Kawu ya dawo daga zikirin yamma, fuskarsa fes. Ina ajiye jaka ƙarafan da na saya a Essawira suka yi ƙara.

“Mene ne wannan kuma?”

“Tsaraba ce, Kawu.”

Ya karɓa ya jujjuya, ya sa na kunna masa abin da na ɗauka na farkon daren, kafin a ce a kashe wayoyi. Ya kasa kunne. Can na lura yatsunsa biyu na bugun gwiwarsa, kuma ba kiɗan wayar suke bi daidai ba, wani ne dabam mai kama da shi.

“Akwai wata mata a bayan gidanmu muna yara,” ya ce, sai ya tsaya.

Na jira. Ya miƙo mini ƙarafan, ya ce astagfirullah, ya jawo carbinsa, ya ce in saka su can ƙasan jaka kada a ji ƙararsu a filin jirgi.